Motar Tsere a Kasuwar Hannu: Abin da Mai Sayarwa da Kansa Zai Tarar

"Me ya sa za ka sayar?" Duk wanda ya fito da motarsa kasuwa sai ya sha wannan tambaya tun kafin a ɗaga boned. Idan Corolla ce ko Honda, amsar ba ta da wuya: buƙata ce ta taso, ko iyali sun ƙaru, ko an samu wata. Mai saye ya gyaɗa kai, a wuce wurin. Amma idan motar irin 'yan gajerun nan ce masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ke neman shafar kwalta, kamar Ford Mustang, Nissan 350Z, Porsche Boxster ko Mazda MX-5, to ko me ka faɗa da wuya a yarda. Mai saye ya riga ya sha ganin bidiyon samari suna wasan mota a wajen biki, taya na hayaƙi, inji na kuka, 'yan kallo na ihu. A ransa, duk motar tsere haka aka yi da ita.

Wanda wannan zato ya fi cuta shi ne mutumin da ya riƙe motarsa da mutunci. Yana juyen baƙin mai a kan lokaci, ba ya fizgar ta da sassafe sai inji ya ɗumama, a inuwa take kwana, kuma ko ƙaninsa ciki ɗaya ba ya ba shi aro ranar ɗaurin aure. Duk wannan ɗawainiya ba ta fitowa a hoto. Tasa da wadda aka ƙone wa kuloci, in aka wanke su aka goge tayoyi, kamarsu ɗaya a bakin titi.

A shekarar 1970 wani matashin masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya wallafa maƙala a kan kasuwar motocin hannu, bayan mujallu uku sun ƙi karɓarta. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mai sayarwa ya san motarsa ciki da bai, mai saye kuwa bai sani ba. Tunda ba zai iya bambance lafiyayya da mai ciwo ba, sai ya yi tayi na tsaka-tsaki. Wannan tayi ya yi wa mai ruɓaɓɓiyar mota daɗi, amma ya yi wa mai ta ƙwarai kaɗan, don haka ya ce albarka, ya mayar da abarsa gida. Kasuwa ta ƙara cika da marasa kyau, tayi ya ƙara sauka. A 2001 aka ba Akerlof lambar yabo ta Nobel tare da Michael Spence da Joseph Stiglitz, kuma wannan aiki na cikin dalilan. Dillalan mota na Kano da Kaduna ba su jira Nobel ba kafin su gane haka. A cikin wannan duhun da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa suke neman abincinsu.

Aikin da ka karɓe daga hannun dillali

Ana yawan zagin dillali, kuma wani lokaci ya cancanta. Yana karɓar la'ada hannu biyu, wani ma ya ɗora nasa a kan farashin da mai mota ya yanke ba tare da ya sani ba, sannan a kan samu dillalai uku ko huɗu a jere kafin a kai ga mai kuɗin, kowa da rabonsa. Amma a yi masa adalci. Shi ke da lambobin wayar masu saye. Shi ke zama a rana yana amsa tambaya ɗaya sau ashirin. Shi ya san wanda ya zo da gaske da wanda ya zo ɗaukar hoto a jikin mota. In kuma rigima ta taso bayan ciniki, shi ake nema, domin yana da rumfa da shugabannin ƙungiya da za a kai ƙararsa gabansu.

Wanda ya ce zai sayar da kansa, duk wannan ya dawo wuyansa. Sai dai a kan motar tsere yana da abu ɗaya da dillali ba zai taɓa samu ba, wato sanin tarihin motar. Dillali yana da 'yan kalamansa da ya haddace: "Alhaji, fas bodi ce, ko ƙwarzane babu. Mace ce ke hawa, daga gida sai ofis." A kan ƙaramar motar gida wannan magana tana iya shiga. A kan Mustang mai silinda takwas, dariya za a yi masa. Mai neman irin wannan mota galibi ya karance ta, ya san shekarar da aka sauya mata inji, ya san inda take yawan ciwo, kuma so yake ya zauna da wanda ya hau ta ya yi masa tambayoyi. Shi ya sa nake ganin idan akwai motar da ta dace mai ita ya sayar da hannunsa, to wannan ce, da sharaɗin yana da abin nunawa.

Takarda ita ce shaidar kulawa

A Birtaniya, mota tana cika shekara uku doka ta wajabta a riƙa kai ta gwajin lafiya duk shekara, wanda suke kira MOT. Ana rubuta malejin da ta ci a kowane gwaji, da duk abin da aka ga ya fara lalacewa, kuma kowa na iya shiga shafin gwamnati da lambar motar ya karanta kyauta. Mai juya maleji baya a can ya gamu da cikas, domin lissafin bara yana nan yana jiransa. A Amurka akwai kamfanoni irin su Carfax da ke tattara labarin haɗurra, sauyin masu mallaka da rahoton inshora, ta hanyar lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 da aka daidaita tun 1981. A waɗannan ƙasashe, mota mai cikakken littafin sabis da hatimin gareji a kowane shafi tana fin 'yar'uwarta daraja a fili.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin yawancin motocin tseren da ke yawo a Abuja, Legas ko Kano ba a nan aka saye su sababbi ba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Tarayyar Turai, Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya samun kaso. Tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, motocin Ingila da Japan masu sitiyari a dama ba su dace da titunanmu ba, don haka daga Amurka da Kanada da Jamus aka fi kawowa. Da yawa daga cikin na Amurka ta gwanjon Copart ko IAA suke biyowa, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, a 2017, ta nutsar da ɗaruruwan dubban motoci a yankin Houston. Hotunan gwanjon kuma ba sa ɓacewa. Mai saye mai wayo zai rubuta lambar shasinka a intanet yana tsaye a gabanka, ya ga motarka a ranar da aka yi gwanjonta, bamba a ƙasa, jakar iska a fashe.

Saboda haka, idan ka san ta taɓa yin haɗari a can, riga shi faɗa. Nuna masa hoton da kanka, ka nuna masa abin da fanbita ya gyara da kayan da aka sauya. Idan kuma tarihinta tsaf yake, buga rahoton a takarda ka ajiye a mota, domin shi ne dukiyarka mafi girma a wannan ciniki.

Matsalarmu tana farawa ne daga ranar da mota ta baro tashar jirgin ruwa. Makanikenmu, ko na Ƙofar Ruwa ne ko na Panteka ko na Apo, ƙwararre ne a aikinsa, amma rasit ba ya cikin al'adar sana'ar. Ka biya, ya ce Allah ya tsare hanya, shi ke nan. Bayan shekara biyar ba ka da abin da zai nuna ka taɓa sauya ko filogi. Maganin wannan ba ya cin kuɗi: ɗan littafi a aljihun mota, a rubuta kwanan wata, maleji, aikin da aka yi, irin man da aka zuba da sunan garejin. Rasit ɗin kayan gyara, hoton tsohon kayan da aka cire, saƙon tura kuɗi ga makanike, duk shaida ne. Wanda bai fara ba tun farko yana iya tattaro abin da ya rage a wayarsa, kuma ya yarda mai saye ya je garejin ya yi tambaya da bakinsa.

Kowace mota da inda ake dubanta

Masu son waɗannan motoci suna da wuraren da suke fara leƙawa, kuma mai sayarwa ya kamata ya riga su zuwa can. Ɗauki Mazda MX-5, wadda aka fara nunawa a baje kolin motoci na Chicago a Fabrairun 1989. Ana ƙera ta a Hiroshima, ta shiga kundin Guinness a 2000 a matsayin motar tsere mai kujera biyu da aka fi saye a duniya, kuma a Afrilun 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Injinta ba shi da rigima, amma samfurinta biyu na farko suna da abokin gaba, wato tsatsa a ƙasan ƙofofi da bakin tayoyin baya, musamman in ta zauna a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Waɗannan biyun kuma bel ne ke juya musu lokacin inji, ana sauya shi kusan kowane mil 60,000, yayin da na baya suka koma sarƙa. Mai saye zai tsuguna ya leƙa ƙasa, sannan ya tambayi ranar da aka sauya bel. In kana da amsa a rubuce, rabin ciniki ya faɗa.

Porsche 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa tsakiyar shekarun 2000 sun yi ƙaurin suna da wani ɗan boris a cikin inji da ake kira IMS. Idan ya watse yana iya tafiya da injin gaba ɗaya, don haka shaidar cewa an sauya shi tana ƙara wa mota kuɗi. Porsche tana da wani hali kuma da ke tona asirin direba: kwamfutar injinta tana ajiye lissafin lokutan da aka ƙure shi fiye da iyakarsa, kuma na'urar gwaji na iya karanto shi. Mazda RX-8 mai injin nan da ba shi da fistin, wanda ke juyawa maimakon hawa da sauka, ba a sayenta sai an auna ƙarfin matsin injin. Ko taya ma tana da bakin magana. A gefenta akwai alƙaluma huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Taya mai zane raɗau amma 'yar shekara takwas ba abin da za a yi gudu a kanta ba ne a zafin Afrilu, kuma tayoyi huɗu iri ɗaya daga kamfani ɗaya suna gaya wa mai saye irin mutumin da ya riƙe motar fiye da duk wata rantsuwa.

Faɗin aibi

A nan ne addini da dabarar kasuwa suka haɗu. Babin ciniki a littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya yi bayani ƙarara cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Cewa "ka gani ka saya, ba mayarwa" ba ta wanke wanda ya san ciwo ya rufe. Malamai kan kawo misalin dabbar da aka ƙi tatsa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya ɗauka mai yawan nono ce; hukuncinta shi ne yana iya mayar da ita. Wanda ya zuba mai mai kauri don ya danne ƙarar inji, ko ya goge fitilar gargaɗi da na'ura da safiyar ranar da za a zo gani, ko ya ɗumama mota tun kafin baƙo ya iso don kada a ji yadda take tashi da sanyi, abin da ya yi ke nan.

Ko a Birtaniya, inda doka ba ta ba wanda ya sayi mota daga hannun mutum irin kariyar da take ba wanda ya saya daga kamfani ba, abu ɗaya bai sauya ba: dole motar ta zama yadda aka siffanta ta. Wanda ya rubuta ƙarya a talla ana iya kai shi kotu.

Ban da haƙƙi, faɗin aibi riba ce. Mutumin da ya ce maka na'urar sanyi tana ɗan yoyo, gilashin hagu yana jinkiri, kuma birkin baya ya kusa neman sauyi, za ka fi yarda da shi in ya ce inji lafiya lau. Dubi yadda ake talla a Bring a Trailer, dandalin gwanjon motoci na Amurka: hotuna fiye da ɗari a kan mota ɗaya, har da ƙarƙashinta, da kowane ƙwarzane, da takardun gyara a shimfiɗe, da bidiyon tayar da inji da sanyi. Masu tallan Jiji da Facebook da ke sa hoto huɗu da dare, biyu daga ciki a karkace, su rubuta "saya ka hau", suna da abin koyo.

Farashi, da haƙurin da yake buƙata

Kuskuren da masu irin wannan mota suka fi yi shi ne lissafa kuɗin kwalliya a cikin farashi. Ka yanke salansa don ta yi ƙara, ka sa manyan ƙafafu, ka sauke ta ƙasa, ka taɓa kwamfutar inji, ka manna mata launi. Duk wannan daɗinka ka ji. A idon mai saye alama ce ta cewa an wahalar da mota, kuma sau da yawa ragi take jawowa. Wanda ya adana kayan asali ya mayar da su kafin talla, ya sayar da na kwalliyar daban, ya fi cin riba. Labarin Toyota Supra ta 1994 da aka sayar dala 550,000 a gwanjon Barrett-Jackson a Las Vegas a 2021 kada ya ruɗi kowa. Paul Walker ne ya hau ta a fim ɗin The Fast and the Furious, kuma da takardun da ke tabbatar da hakan aka sayar da ita.

Kasuwarmu kuma tana da nata hali. A Amurka da Turai motar tsere mai giyar hannu takan fi tsada, a nan kuwa mafi yawan masu kuɗin otomatik suke so. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai silinda takwas ya ƙara zama kayan ƙawa na 'yan ƙalilan. Yawancin injinan nan fetur mai ƙarfi aka yi su domin sa, gidajen manmu kuwa iri ɗaya suke sayarwa. Ga tudun rage gudu a kowace unguwa, ga ramukan damina, ga kayan gyara da sai an yi oda a jira makonni. A ɗaya ɓangaren, faɗuwar darajar naira ta sa shigo da irinta yau ya ninka tsada, wanda ya ɗaga darajar wadda take ƙasa da takardun kwastan na gaskiya. Masu saye kaɗan ne, amma wanda ya zo da gaske ya san abin da yake nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba sai ka yi masa ƙaryar cewa ba ta shan mai ba.

Sa farashin da ka binciko daga irinta da aka sayar, ba wanda ake nema a talla ba, ka bar ɗan wurin ragi domin Bahaushe ba ya jin daɗin cinikin da ba a rage masa komai ba. Wanda ya kira daga nesa ya ce "ƙarshen magana nawa?" bai ko ga mota ba, amsarsa ita ce ya zo ya gani. Mai gaggawar kuɗi kuwa, wanda asibiti ko kuɗin makaranta ya matsa, gaskiya ita ce gara ya kai wa dillali ya karɓi abin da ya samu, domin wannan hanya tana iya cin watanni.

Ranar gwaji da ranar biya

Kada a yi haɗuwar farko a gida, kada kuma ka je kai kaɗai. Wuri mai jama'a da rana, ko garejin da ku biyu kuka amince da shi, ya fi. Bar mai saye ya zo da makanikensa, a ɗaga mota, a jona na'urar gwaji. Mai lafiyayyar mota ba shi da abin tsoro a nan. Amma tuƙin gwaji sai an yi hattara. Duba lasisinsa, ka ɗauki hoton katin shaidarsa ka tura wa wani naka. Kai za ka fara tuƙawa, in za ku yi musanya ka kashe mota ka riƙe makulli har sai ka zauna a ɗaya kujerar. Ka tuna cewa inshorar dole da yawancinmu ke yi, wadda aka mayar naira 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da aka yi wa wani take biya, ba ta motarka ba. Motocin nan tayoyin baya ke tura su, kuma wanda ya saba da Camry in ya taka totur da ƙarfi a kwana, bayan motar zai iya juyo masa. Gaya masa tun kafin ku tashi: wanda ya fasa, ya saya.

Wajen biya ne 'yan damfara suka fi jira. Saƙon banki na bogi yanzu ba ya da wuyar haɗawa, haka ma hoton rasit. Abin dogaro kawai shi ne ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku tafi banki tare a yi a gabanka, a ranar aiki ba yammacin Juma'a ba. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, don haka mai zuwa da jaka ba alheri ya kawo maka ba. Wanda ya ce ya turo fiye da kuɗin bisa kuskure, ka mayar masa da ragowar, rufe wayarka. In an ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe, da abin da zai faru in an fasa.

Sai a rubuta takardar ciniki: sunayenku, lambar shasi da ta inji, maleji, kuɗin da aka biya, aibobin da ka faɗa, kwanan wata da lokacin miƙa makulli, da shaidu biyu. Kowa ya riƙe kofi. Ka miƙa takardar kwastan, shaidar mallaka da sauran takardu na asali bayan kuɗi sun shiga, ka ajiye hoton kowace. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su bar motar tana yawo shekaru da sunansu. Ranar da aka buge wani da ita a wajen wasan mota, ko aka kama ta da abin da bai dace ba, sunan da ke cikin rajista 'yan sanda za su bi. Kada ka ɗauki alkawarin "zan je in sauya, Alhaji". Ku tafi ofishin lasisin mota tare a cikin makon, a mayar da ita sunansa kana tsaye.